Tarihin Tarhon Koivusalmi

Koivusalmi, 10 ga Maris, 1974

Zuwa ga ƙanena Arvo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka Birgit da 'yata Marketta. Ni lafiya ƙalau nake, in ban da gwiwar hagun nan da ke sanar da ni zuwan sanyi tun kafin rediyo ya faɗa. Har yanzu tafki a daskare yake, motocin katako suna bi ta kansa. Katinku na Kirsimeti ya iso. Layi biyu kacal ka rubuta da hannunka, sauran duk na Birgit ne da yaren Sweden, sai da na kai wa matar fasto ta karanta mini. Ka ji kunya.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A watan Nuwamba za a kawo injin nan mai haɗa kira da kansa. Kowa zai juya lamba da yatsansa, ba sauran mai ɗaga tarho ya ce, "Lempi, ba ni likita." Ni da Sylvi, abokiyar aikina, an sallame mu ke nan. Ita tana ta kuka, ni kuwa shekarata sittin, kujerar ma ta gaji da ni. Abin ya zo daidai da cikar kamfanin shekara hamsin, shi ne kwamiti suka ce in rubuta tarihinsa, a buga ɗan littafi a raba ranar biki. Shugaban kwamitin yanzu Reino Huttunen ne. Shi ya hawo ɗakin tarho da kansa, ya ce ba wanda ya san labarin kamar ni, tunda rabinsa ta kunnena ya wuce. Na ce masa wanda ya wuce ta kunnena ba na bugawa ba ne.

Na fara, na cika shafi goma sha ɗaya. Farkon bai ba ni wuya ba, don ina da shekara goma lokacin, kai ko cikinka ba a ɗauka ba. Na rubuta yadda Baba ya yi ta yawo gida-gida a kan keken-dokin ƙanƙara cikin hunturun 1924, har ya samu gidaje goma sha huɗu da suka yarda. Kowane gida ya sare itace goma sha biyu daga dajinsa aka yi falwaya. Na rubuta yadda aka kafa allon haɗa kira a falonmu, kusa da murhu, Inna tana amsawa da ƙullun burodi a hannu, har igiyoyin suka yi fari da gari. Tsoho Huttunen, baban Reino, in zai yi magana da fasto ta tarho sai ya miƙe tsaye ya cire hula. Akwai kuma mutumin ƙetaren gada da ya hana a bi da waya ta gonarsa, wai za ta tsinka nonon shanunsa. Bayan shekara biyu shi ne ya fi kowa kira, har Inna takan cire igiyarsa ta ce layi ya lalace. Yau layi ɗari shida da goma sha biyu gare mu.

Abin da ban sani ba shi ne aikin waje. Ni a ɗaki na ƙare rayuwata, kai ne ka hau falwayoyin. Ka rubuto mini abin da ka tuna: yadda kuka kai waya tsibiri bayan yaƙi, da su wa kuka yi, da wane kaya. In kana da hoto ka aiko, zan mayar maka.

Abu ɗaya kuma, gara ka ji daga bakina. Idan na iso shekarar 1951, zan rubuta abin da ya faru ranar gobarar gidan Huttunen yadda ya faru, ko wa kunya za ta kama. Na daɗe ina juya abin, na ga ba yadda zan tsallake shi.

Ka gaida mutan gidan. Ka riƙa sa hula, kanka ba gashi.

Yayarka,
Lempi

Eskilstuna, 7 ga Afrilu, 1974

Yaya Lempi,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarki ta same mu lafiya. Birgit tana gaishe ki, ta ce in gaya miki ba rashin so ne ya hana ta koyon yarenmu ba, harshenta ne ba ya lanƙwasuwa. Marketta ta fara koyon aikin jinya. Ni ina nan ina fama da ƙarfe a masana'anta, kunne ɗaya ya soma yin nauyi. Gwiwarki ki riƙa gasa ta a sauna, tururin ɗakin wankan nan magani ne, ki daina hawan benen nan sau goma a yini.

Na yi dariya da labarin mai nonon shanu. Ga nawa. Wayar tsibiri a hunturun 1947 muka ja ta, mu huɗu da doki ɗaya. Ba a samun sabuwar waya a lokacin, sai muka yi ta tsintar wadda sojoji suka bari a daji, muna ƙulla ta guntu-guntu. Takalman hawa ƙafa biyu ne gare mu duka, sai wanda ya sauko ya cire ya miƙa wa na gaba. Ranar da muka gama, tsohuwar da ke gidan farko ta ƙi taɓa tarhon. Da ƙyar ta ɗauka, ke ce kika amsa, ta saki abin ta ce akwai mace a cikin bango. Ta dafa mana kifi da dankali, ta hana mu tafiya sai da muka ci sau biyu. Ki sa wannan. Ga hoto na haɗo, ni ne a saman falwaya, Baba ne a ƙasa yana nuna mini abin da na riga na sani.

Batun 1951 kuwa, na karanta layin nan naki har sau uku. Littafinki ne, kuma ke aka ba amana. Abin da garin ya sani ya riga ya sani: an aiki Arvo Laukkanen gyaran waya, ya tafi rawa, gidan mutane ya ƙone. Shekara ashirin da uku ke nan, ban taɓa musa wa kowa ba, ba kuma yanzu zan fara ba. Sai dai ban zaci ke ce za ki buga shi da tawada ba. Marketta tana karanta yarenmu, kuma na san za ki aiko mata da littafin. Ita dai abin da ta sani, babanta ya zo nan neman aiki kamar kowa. In zai yiwu, ki rubuta "mai gyaran waya" kawai, ki bar sunan. In ba zai yiwu ba, shi ke nan.

Kada ki ɗauka fushi nake. Ke kika goya ni, ke kika koya mini ɗaure takalmi. Kawai dai abin ya zo mini ba shiri.

Ƙanenki,
Arvo

Koivusalmi, 5 ga Mayu, 1974

Arvo, autan Inna,

Ina gaishe ku duka, Allah ya sa kuna lafiya. Ƙanƙara ta fashe shekaranjiya, tafki ya buɗe. Hoton ya iso, na jingina shi a jikin agogo.

Ka karanta layina sau uku, duka ukun ba ka gane ba, kuma laifina ne. Ba kai nake nufi ba. Kunyar da na ce za ta kama wani, tawa ce. Wannan ita ce takarda ta huɗu da na fara, ukun suna cikin murhu. Ka zauna ka karanta, kada ka karanta a tsaye a bakin ƙofa yadda ka saba.

Ka tuna ranar. Asabar ce, sha huɗu ga Yuli, ana tsakiyar yankan ingirici. An yi tsawa ran Juma'a, wayar ɓangaren su Huttunen ta tsinke, Baba ya aike ka da safe. Lokacin an riga an mai da allon saman kantin gama-kai, ni kaɗai ce a bakin aiki. Ka kuma tuna Tauno, mai awon filaye da ya yi bazara biyu a garinmu. Kowa ya san yana zuwa wurina, kai ma kana tsokanata da shi. Abin da ba wanda ya sani, ya nemi in bi shi arewa mu yi aure. Na ce a'a. Inna tana kwance, Baba ba ya iya dafa ko ruwan zafi, ga allon. A ranar zai tafi, a bas ɗin ƙarfe uku saura kwata.

Na yi niyyar ba zan je ba. Da na ji ƙarar bas daga gada, sai na ga na cire abin sauraren kira daga kunnena na ajiye, na sauka. A tsawon aikina ban taɓa barin kujerar nan ba kowa ba, ko lokacin yaƙi da jirage ke wucewa. Na ce minti biyar. A mararrabar coci ya sake tambayata, ƙafarsa ɗaya a kan matakala. Direba ya kashe mota ya jira mu. Ban san tsawon lokacin da muka yi ba. Bayan bas ya tafi ma ban koma nan take ba, na zauna a kan katangar maƙabarta sai da fuskata ta bushe.

Da na hawo, ɗan murfin lamba tara a jikin allo, layin su Huttunen, yana faɗe. Ka san ma'anar wannan kamar yadda na sani. Ba ya faɗowa sai kira ya iso. Wato ka riga ka haɗa wayar, matar Huttunen ta yi ta juya tarho, ya yi ta ƙara a ɗakin da ba kowa. Na sa igiya na amsa, shiru. Kafin in gama tunani sai ga Reino a kan keke, rigarsa duk toka, ya yi kilomita bakwai yana neman 'yan kwana-kwana. Ya ɗago kai ya ce mini ta taga, "Layinmu a mace yake, Lempi." Na sa yatsa na mayar da murfin wurinsa, kada kowa ya gani. 

Sauran ka sani. Ingiricin shekara, dawaki biyu, maruƙa, rabin gida. Hannuwan tsoho Huttunen da suka ƙone, bai sake riƙe gatari da su ba. An same ka da yamma a dandalin rawa na bakin tafki. Washegari aka ga layi yana aiki, aka ce sai da ka hango hayaƙi ka je ka ƙulla. Ina tsaye a bayan ƙofa lokacin da Baba ya tambaye ka a gaban kwamiti ko ka haɗa kafin gobara ko ba ka haɗa ba, kai kuma ka yi shiru. Na ɗauka ba ka da tabbacin lokacin ne, ba ka da agogo. Na ce gobe zan faɗa. Gobe ta zama mako, ka hau jirgi. Bayan nan na ce sai Inna ta warke, ba ta warke ba. Baba kuma ya rasu a 1958 bai sake ambaton sunanka a tebur ba, ni ce nake zuba masa miya, na san abin da na sani.

A lokacin yaƙi, in kira ya zo wa fasto daga rundunar soja, ni nake fara sanin gidan da za a je. In shiga kanti in tarar da uwar tana sayen gishiri, in gaishe ta, in yi shiru. Mutane suna yabona da riƙon sirri. Ina jin a nan na saba, har na kasa bambance shirun amana da shirun tsoro.

Ba na neman ka yafe mini a wasiƙa ɗaya. Sunanka zai shiga littafin, a matsayin wanda ya yi aikinsa. Marketta ta karanta.

Lempi

Koivusalmi, 14 ga Yuli, 1974

Arvo,

Ina fatan kuna lafiya. Ni ma lafiya.

Mako goma ke nan. Kullum in mai rabon wasiƙu ya hawo sai in yi kamar ba shi nake jira ba. Na gane shirunka, kuma ba ni da bakin ƙorafi. Sau biyu na sa igiya zan nemi layin Sweden, na cire. Ba zan tilasta maka jin muryata ba.

Ina so dai ka san ban tsaya jiran amsarka ba. Ran Lahadin da ta wuce na gayyaci Reino shan kofi, na gaya masa komai kamar yadda na rubuta maka. Bai katse ni ba. Ya yi ta juya hularsa a gwiwa. Da na gama ya ce, "Babana har ya mutu, duk safiyar da ya kasa sa maɓallin rigarsa, Arvo yake zagi." Ya shanye kofinsa, ya yi godiya, ya fita. Tun daga nan in ya ɗaga tarho ya ji ni ce, lamba kawai yake faɗa.

Ban san ko kwamiti za su bar littafin a hannuna ba. Na ci gaba da rubutu dai, na kai 1963, shekarar da guguwa ta kayar da falwaya tamanin.

Ko kati ne ka sa Birgit ta aiko, in san kana raye. Zan kai wa matar fasto.

Yayarka, in har yanzu ka yarda,
Lempi

Eskilstuna, 4 ga Agusta, 1974

Yaya,

Gaisuwa. Ki yi haƙuri da wannan rubutu mai kama da tafiyar kaza, da hannun hagu nake yi, kwana uku ina kansa. Ina raye. Ran sha ɗaya ga Mayu na hau tsani zan yi wa bukkarmu ta bakin ruwa fenti, tsanin ya zame. Mutumin da ya hau falwaya dubu cikin ƙanƙara, ga shi ya faɗo daga tsayin ƙofa. Ƙugu ya karye, wuyan hannun dama ma haka. Mako bakwai na yi a asibiti. Yanzu ina takawa da sanda, Birgit tana bina kamar ɗan yaye.

Wasiƙarki a gadon asibiti aka kawo mini ita. Na karanta a kwance, kin ga na bi umarni. Na so in amsa a ranar, to da wane hannu? Ba maganar da zan ba Marketta ta rubuta ba ce, ban kuma so Birgit ta aiko miki da labarin asibiti ki hau jirgi da wannan gwiwa. Tarho kuwa, ke kin fi kowa sani. In na kira, Sylvi ce za ta haɗa, kafin in ajiye garin ya ji. Ban yi tunanin yadda shirun zai zauna miki ba sai da ta biyu ta zo. Wannan wautata ce, ki yafe.

To, ki zauna ke ma. Yaya, na sani. Tun ranar na sani.

Wayar a kan tudun bayan coci ta tsinke, ba can wajen su Huttunen ba. Na ɓata safiya ina nema a wurin da ba nan ba. Na ƙulla ta wajen uku saura kwata a agogon coci, na maƙala tarhon gwaji, na juya. Ba amsa. Na sake, ba amsa. Na ce yau kuma me ya samu Lempi? Daga saman falwayar nan ana ganin mararraba tar. Sai ga ki da rigarki mai ruwan ɗorawa, ga dogon nan Tauno, ga bas a tsaye. Wallahi dariya na yi. Na ce ashe Yaya ma mutum ce. Na sauko na tafi wanka a tafki, daga nan dandali. Ban ji labarin wuta ba sai da aka zo aka cafke ni a kafaɗa.

Da Baba ya tambaye ni, amsar tana bakina. Amma na ga inuwar ƙafarki a ƙarƙashin ƙofa. Na san kin bar mutumin ya tafi, tunda ga ki nan. Na ce wannan ta ba da miji saboda kujera, in aka ƙwace kujerar kuma, me ya rage mata? Kada ki mai da ni waliyyi. Dama ina neman hanyar fita. Na gaji da Baba yana tsaye a gindin kowace falwaya yana gyara mini. Na ɗauka zai yi fushin shekara guda ya huce, in dawo da kwat da agogo mu sha kofi. A nan na yi kuskure, ban san shi ba kamar yadda na zata. Da kika aiko cewa ya rasu, na sayi tikiti, na kai tashar jirgin ruwa, na juyo. Wannan ba ke kika yi mini ba, ni na yi.

Shi ya sa layin nan na wasiƙarki ta farko ya yi mini zafi. Na ce ashe ta manta har ta yarda da labarin gari. Ban taɓa kawowa za ki tona kanki ba.

Da kin tambaye ni, da na ce ki bar shi. Tunda kin riga kin gaya wa Reino, ki rubuta. Amma ki rubuta duka. Ki sa cewa mai gyaran waya ya kira sau biyu bai ji amsa ba, ya san allo ba kowa, kuma maimakon ya gangara ya zauna a kujerar na minti goma, ya tafi wanka. Tafiyar minti biyar ce daga tudun. Ni ma shekara ashirin da uku ina auna wannan tafiyar.

Hannun ya gaji.

Autanku,
Arvo

Koivusalmi, 29 ga Satumba, 1974

Arvo, sarkin hawa,

Sannu da jiki, sannu. Tsani! Da Inna tana raye da ta ɗaure ka a ƙafar gado. Ka gaida Birgit, ka ce na gode da jinya. Ni lafiya, na kwashe dankali, na tsinci 'ya'yan daji bokiti huɗu.

Wasiƙarka na karanta ta a ɗakin tarho, sai da Sylvi ta karɓe ni awa guda. Na yi kuka, daga baya kuma haushi ya kama ni. Shekara ashirin da uku muna aika wa juna safa da kati, kowa yana lallaɓa ɗan'uwansa kamar ƙwai. Ba zan ce komai a kan wannan a takarda ba, sai na gan ka.

Na rubuta babin, shafi ɗaya da rabi, har da naka yadda ka ce. Na kai wa kwamiti. Biyu suka ce a cire, biki ake yi ba shari'a ba. Reino ne ya yanke maganar. Ya ce gidansu ne ya ƙone, don haka shi ke da ta cewa, a buga. Ya ƙara da cewa tun bayan gobarar ne aka sa dokar mutum biyu a allo, ya kamata jikoki su san dalili. Da muka fito ya riƙe mini ƙofa. Bai kai ga murmushi ba tukuna.

Biki ran Asabar, sha shida ga Nuwamba, a zauren matasa. Ƙarfe sha biyu na rana za a kunna injin. Reino ya ce in rubuta maka cewa kwamiti na gayyatar tsofaffin ma'aikata duka, ya maimaita "duka". Na gyara ɗakinka. Ka zo da Marketta ta riƙe maka jaka.

Lempi

Eskilstuna, 1 ga Disamba, 1974

Yaya Lempi,

Mun iso lafiya. Teku ta yi ta jijjiga mu, Marketta ta yi amai, mai koyon aikin jinya guda. Ƙugun ya yi tsami kwana biyu, yanzu ya saki. Baƙin burodin da kika cusa mana ya kusa ƙarewa, Birgit ce ke cinyewa tana cewa ya yi tauri. Yaya gwiwar, yaya zaman gida? Marketta ta ce ranar Litinin ta gan ki kin sa takalmi ƙarfe bakwai saura, kin kai ƙofa, kin dawo kin zauna. Ki karɓi aikin ɗakin karatun nan da matar fasto ta ce, ko don ki samu wanda za ki yi wa faɗa.

Ban gaya miki abin da Reino ya ce mini ba, don mutane sun yi yawa. Bayan an kashe allonku, kina can Sylvi ta rungume ki, ya zo ya tsaya kusa da ni a wajen teburin kofi. Ya ce ya karanta babin sau da yawa yana neman wanda zai ji haushi, ya ga mutum biyu ne kuma duka sun tsufa. Na miƙa masa hannun hagu, ya kama da nasa biyu. Sai ya tambaye ni ko gaskiya ne a Sweden ana ba ma'aikata hutun mako huɗu. Muka yi ta wannan har kofi ya huce.

Marketta ta karanta littafin a jirgi, tun daga farko har ƙarshe. Da ta kai babin ta rufe, ta dube ni, ta ce, "Baba, Tauno ɗin nan kyakkyawa ne?" Na ce dogo ne dai. Ta ce za ta tambaye ki da kanta, ki shirya.

Kin ce mu je maƙabarta tare ran Lahadi, na ce ƙugu ba zai bari ba. Ƙarya na yi, kuma na san kin gane. Na je ranar da za mu taso, da safe, lokacin da na ce zan sayo taba. Na share wa Inna dusar ƙanƙara tukuna, wannan bai yi wuya ba. Sannan na matsa wurin Baba. Na shirya magana tun daga Sweden, doguwa, har da ƙarfe nawa na ƙulla wayar. Da na tsaya sai na ga ba ta da amfani. Na share dutsen da hannun riga, na cire hula, na tsaya har kunnuwana suka daskare. Bai ce komai ba, ban ce komai ba. Rabon da mu daɗe tare haka ba gardama, tun ina yaro.

Za mu zo a watan Yuni, mu uku. Rufin saunarki yana yoyo ta kusurwar hagu, na gani. Kada ki kira kowa. Ni zan tsaya a ƙasa in nuna, Marketta ta hau.

Ƙanenki,
Arvo